BINDIGA MAI SHURI: AMSA GA WANI ƊAN'UWA NA BAKIN GONGOLA

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ba ni filin nan da ka saba ba ni, domin in amsa takardar da ka aiko mini ta wani Alhaji, attajiri, mai gona a bakin kogin Gongola. Ya ce dorina ta dame shi, kowace shekara sai ta cinye masa shinkafa da masara, ya kuwa ji labari Turawa suna da wata irin bindiga da ake kira Magnum, wadda ba dabbar da ke tsaya mata. Tambayarsa ita ce wace ce ta fi duka ƙarfi, gama ita yake so ya saya, ko nawa ne kuɗinta. Ya ce an gaya masa ni akawu ne a wani zangon farauta a arewacin Kamaru, ba zan rasa sani ba.

Haka ne, makullin ɗakin bindigogi a hannuna yake, ni ke rubuta kowane harsashi da ya fita da wanda ya komo. Kowace shekara kuma, kafin baƙi su fara zuwa, ni da babban maharbinmu mukan gwada bindigogin zango ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka abin da zan faɗa kafaɗata ta shaida shi. Sai dai ranka ya daɗe, Alhaji, ka yi mini haƙuri, amsar ba za ta fito yadda kake so ba.

Mu fara da sunan. Magnum kalmar Latin ce, ma'anarta babba. Masu sayar da giya a Turai suna kiran babbar kwalba, mai cin kwalba biyu, da wannan suna, sai maƙeran bindiga suka ara suka laƙaba wa harsashin da kwansonsa ya fi na sauran cin albarushi. Watau ba wani asiri a ciki. An ƙara albarushi ne, harsashi ya ƙara gudu.

Wadda ta fi suna a cikinsu, wadda kuma muka fi aiki da ita a nan, ita ce .375 Holland & Holland Magnum, wadda wani kamfanin maƙera na birnin Landan ya fitar a 1912. Lambar nan .375 kaurin harsashin ke nan, kashi 375 cikin 1,000 na inci, wajen milimita 9 da rabi. Turawa suna auna nauyin harsashi da wani ƙaramin ma'auni wanda asalinsa ƙwayar hatsi ce, ƙwaya 7,000 ke yin laba guda. To, babban harsashin wannan bindiga ƙwaya 300 ne, wajen giram 19, yana kuwa fita daga bakinta da gudun ƙafa 2,500 da 'yan kai a daƙiƙa guda. Ku dubi dabarar maƙeran nan. Albarushin zamaninsu dogayen silili ne kamar taliya, in rana ta gasa shi sai ƙarfinsa ya haura, kwanso ya kumbura ya maƙale a cikin bindiga. Don haka suka yi kwanson da tsawo, ya tafi yana tsukewa zuwa sama kamar tsinken turke, yadda ko a zafin bazara zai zamo ya fita ba gardama. Mutumin da ɓauna ta taso masa ba shi da lokacin kokawa da kwanso. Yau shekara fiye da 110 ke nan ana ƙera ta, ba a kuwa sami abin da ya ture ta ba.

Yanzu ga inda maganar take. Malaminmu na lissafi a makarantar Mishan ya koya mana wata ƙa'ida da wani Bature na Ingila, Isaac Newton, ya rubuta a 1687, cewa duk abin da ya tura wani abu gaba, shi ma an tura shi baya daidai gwargwado. Wanda ya taɓa tsalle daga kwalekwale zuwa gaɓa ya san wannan ko bai shiga aji ba, gama yana tashi kwalekwalen zai ja baya. Haka bindiga take. Ƙarfin da ya kori harsashi gaba shi ne ke koro bindiga baya, ba kuwa abin da ke bayanta sai kafaɗar mai ita. Wannan shi muke kira shuri.

Na zauna na yi lissafin da alƙalami, don kada a ce zancen baka ne. Bindigar .375 mai nauyin laba 9 takan dawo baya da gudun wajen ƙafa 17 a daƙiƙa. In kana so ka gane, ɗauki dutsen niƙa mai laba 9, ka kwanta rigingine, wani ya sako maka shi a kafaɗa daga tsawon ƙafa huɗu da rabi. Shurinta ke nan, kusan ninki biyu na bindigar da ake harbin gwanki ko kanki da ita. Wadda ke bisanta, .458 Winchester Magnum, ta Amurka, wadda ta fito a 1956, tana jefa harsashi mai ƙwaya 500, ita kuwa sai a ɗaga dutsen nan ya wuce ƙafa bakwai. Akwai kuma .460 Weatherby Magnum, wadda ke jefa wannan harsashi mai ƙwaya 500 da gudun ƙafa 2,600. A nan sai a sake dutse, a kawo mai laba 11, a sako shi daga wajen ƙafa tara, watau daga kan soro. Alhaji, ita ce irin wadda ka tambaya. Akwai ma waɗanda suka fi ta, kamar .700 Nitro Express ta 1988, amma waɗannan yawanci na ajiya ne da nuna wa baƙi.

Wani zai ce, to, mene ne? Namiji ai ba ya gudun ciwo. Na yarda, ciwon kafaɗa kwana biyu ne ya wuce. Abin da ba ya wucewa shi ne abin da jiki ya koya. Jiki magayi, in ji masu iya magana. Mutum ya sha shuri sau biyar, sau goma, sai jikinsa ya fara tsammanin dukan tun bai zo ba. Yana sa yatsa a kan kunama sai ido ya runtse da kansa, kafaɗa ta zabura gaba don ta tare, yatsa ya fizgi kunamar maimakon ya matsa ta sannu. Duk wannan yana faruwa ne kafin harsashi ya bar bakin bindiga, mai harbin kuwa bai sani ba, gama ƙara da shuri sun rufe abin. In bakin bindiga ya kauce da kaurin tsinken ashana, a nisan yadi hamsin harsashi ya bar inda aka nufa da inci da yawa.

Muna da hanyar kama wannan cuta. Baƙo ya juya baya, maharbinmu ya karɓi bindigar, wani sa'i ya sa harsashi, wani sa'i ya bar ta wayam, ya miƙa masa bai gaya masa ba. Ran da kunama ta faɗa a kan babu, sai ka ga ƙaton mutum ya rufe ido ya dunƙule, bakin bindiga ya sunkuya ƙasa, alhali ba abin da ya tashi. Na ga wannan ga likitoci, na gani ga tsofaffin sojoji. Ba tsoro ba ne irin na ragwaye, halin jikin ɗan Adam ne, kamar yadda ido ke ƙiftawa in an kawo masa yatsa.

Kada kuma a ce sababbin shiga kaɗai abin ke kamawa. Akwai wani mashahurin maharbi Bature, Frederick Selous, wanda ya sauka Afirka ta Kudu a 1871 yana saurayi, ya mutu a yaƙi a Tanganyika a 1917. Da fari da manyan bindigogin ɗuri yake harbin giwa, masu jefa dunƙulen darma mai nauyin rubu'in laba. Wata rana ɗaya ta ƙi tashi, mai ɗauke masa ita bai lura ba ya sake ɗura mata wani albarushi da wata darma bisa na farko. Da ya harba sai ta ɗaga shi ta kayar, ƙotar ta karye, kuncinsa ya tsage, kafaɗa ta yi rauni. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa shurin bindigogin nan ya ɓata masa natsuwar harbi, har ya yi da-na-sanin taɓa su. Maharbanmu na gargajiya ma sun san wannan, masu auna albarushin adaka da yatsu, da kakanninsu masu ɗura sango mai dafi su harbi giwa. Tambayi kowane tsoho a cikinsu labarin wanda ya cika ɗuri, zai nuna maka mai yatsu uku.

To, da a kan mai bindiga kaɗai abin ke tsayawa, da ban ɓata wa Edita tawada ba. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Amma ba a kansa yake tsayawa ba. Zuciyar ɓauna da huhunta suna bayan kafaɗarta ta gaba, fili ne kamar faɗin faifai. Harsashin da ya shiga nan, ko na .375 ne, ko na wadda ba ta kai ta ba, ɓauna ba za ta yi nisa ba. Wanda ya kauce baya da taki guda ya shiga tumbi, ko da na .460 ne, sai ta tafi da shi kamar ba a yi kome ba. Tumbin ɓauna cike yake da jiƙaƙƙiyar ciyawa, yana shanye ƙarfin harsashi kamar buhun yashi. Ta shiga kurmi ke nan, ta sami duhuwa ta tsaya tana duban sawunta. Wa zai shiga gaba? Ba baƙon ba ne. Mai bin sawu ne, talaka, kansa a sunkuye yana neman ɗigon jini a kan ganye, ba kome a hannunsa sai sanda. In kuwa ba a same ta ba ran nan, tana nan da ciwonta mako guda ko biyu, har ta gamu da mace mai neman itace ko yaro mai kiwo, waɗanda ba su san an yi wani harbi ba. Kowane mai aikin daji ya san ɓaunar da ta fi kisa ita ce wadda wani ya riga ya taɓa.

Shi ya sa in baƙo ya sauka da sabuwar bindiga ƙatuwa mai walƙiya, ba ko ƙwarzane a jikinta, sai ka ga masu bin sawu suna duban juna. In kuwa ya fito da tsohuwar .375 wadda hannu ya goge mata fenti, sai su saki jiki. Har ila yau akwai ta Jamus, 9.3×62, wadda wani maƙeri na Balin, Otto Bock, ya yi a 1905, zamanin da Kamaru ke hannun Jamus. Ba a kiranta Magnum, shurinta bai kai na .375 ba, amma manoman Turawa na Afirka sun daɗe suna kashe ɓauna da ita ba hayaniya.

Akwai wani Bature ɗan Sikotlan, Walter Bell, wanda aka fi sani da Karamojo. An lissafa masa giwa 1,011 a farkon ƙarnin da ya wuce, wajen 800 daga ciki kuwa da 'yar ƙaramar bindiga ya kashe su, mai harsashin milimita 7, wanda nauyinsa bai wuce ƙwaya 173 ba. Dabararsa ita ce ya riƙa tsaga kawunan giwaye da zarto har ya san inda ƙwaƙwalwa take ta kowace fuska. Ban kawo shi don a yi koyi da shi ba. Irin wannan kisa na neman haure yana cikin abin da ya share dazuzzukanmu, har giwayen Nijeriya duka yau ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, garke mafi suna kuwa shi ne na Yankari, wadda aka keɓe a 1956. Ƙasashe da dama ma yanzu sun sa doka, kamar Tanzaniya, ba a harbin manyan namun daji masu haɗari da abin da ya gaza .375, Kenya kuwa ta hana irin wannan farauta ɗungum tun 1977. Na kawo shi ne don a ga inda harsashi ya faɗa shi ne magana.

Ban ce manyan ba su da rana ba. Babban maharbinmu .458 yake riƙewa, gama aikinsa dabam ne. Shi ba ya fara harbi, sai abu ya ɓaci, dabba ta taso a nisan taki goma, ana bukatar abin da zai tsai da ita nan take. Ko ita ɗin ma ta taɓa ba da kunya. A farkon fitowarta an danƙara albarushi da yawa cikin gajeren kwanso, in ya daɗe cikin zafi sai ya dunƙule, ya ƙi cin wuta sosai. Wani Ba'amurke, Jack Lott, ɓauna ta ji masa rauni a Mozambik a 1959 yana riƙe da ita, abin da ya sa ya ƙara wa kwanson tsawo daga inci 2.5 zuwa 2.8, aka sami .458 Lott a 1971. An gyara albarushin tun tuni, amma labarin ya isa ya nuna girman lamba ba ya hana ƙaddara. Maharbin namu kuwa shekara da shekaru ya yi yana hawa daga ƙarama zuwa babba kafin ya kai nan.

Ga wanda aikinsa ya tilasta masa riƙon irin wannan bindiga, ga abin da na gani yana da amfani. Kada ya nemi mara nauyi don jin daɗin ɗauka, gama nauyin nan shi ke shanye shuri, gwamma laba 10 da laba 8. Ya harba a tsaye, bindiga bisa sanduna uku da aka ɗaure, ƙafar hagu gaba, jiki ya ɗan rusuna, yadda in ta yi shuri zai tafi tare da ita kamar reshe cikin iska. Wanda ya kwanta rub da ciki, ko ya jingina bayansa da itace, ya hana jikinsa hanyar ja da baya, ƙashin wuyansa ne zai biya. Ya matse ƙota a kafaɗa sosai, kunci a manne, don in ya bar rata ko ta yatsa guda, turi ya zama naushi. In akwai madubin saiti a kanta, ya nisanta ido da shi kamar faɗin yatsu huɗu. Muna da allura da zare a zango musamman domin girar waɗanda suka manta wannan. Kada ya wuce harbi biyar ko shida a zama ɗaya. Sauran koyo ya yi shi da 'yar ƙaramar .22, wadda ba ta shuri, ɗari bisa ɗari, har yatsa ya saba da matsa kunama ido a buɗe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai kunne, wanda ba mai tunawa da shi. Masana sun ce ƙarar da ta wuce awo 140 a ma'auninsu na desibel tana iya ɓata ji ko sau ɗaya aka ji ta, babbar bindiga kuwa tana kai wa 160 har ta wuce. Abin da ya lalace a cikin kunne ba ya komowa. Wasu baƙi sukan zo da wani ƙarfe mai huji-huji a ɗaure a bakin bindiga, wanda ke watsa hayaƙi gefe don ya rage shuri. Yana ragewa ƙwarai, amma ƙarar sai ta koma kan wanda ke tsaye a gefe, watau mai riƙe sanduna da mai bin sawu. Baƙo ya toshe kunnensa da roba ya koma ƙasarsu lafiya, tsofaffin ma'aikatanmu kuwa sai ka ɗaga murya kafin su amsa sallama. Ni a ganina wannan ƙarfe bai kamata ya shiga daji ba sai an raba wa kowa abin toshe kunne.

Yanzu in komo kan gonarka, Alhaji. Da fari akwai doka. Dokar bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ta raba su kashi uku. Na soja da ƙananan bindigogin hannu sai da izinin Shugaban Ƙasa, na farauta sai da lasin Sufeto Janar na 'yan sanda, adaka kuwa wurin Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Wanda ya sayo ta bayan fage, ko da niyyarsa tsaron shinkafa ce, ɗaurin shekaru ke jiransa, a zamanin nan kuwa da ɓarayin daji suka addabi ƙasa ba alƙalin da zai saurari zancen dorina. Sa'an nan lasin bindiga dabam, izinin kashe dabba dabam. Dorina ba naman da mutum zai harba don ransa ya ɓaci ba ce, sai an kai kuka wurin ma'aikatan gandun daji na jiha.

Na biyu, a ce ma duk takardun nan suna hannunka. Dorina da rana tana cikin ruwa, ba abin da ke waje sai ido da kunne da hanci, ƙwaƙwalwarta kuwa ba ta fi ƙwallon giginya ba, a cikin kai mai girman turmi. Da dare take fitowa kiwo, lokacin da ba ka ganin bakin bindigarka balle saiti. Ka haɗa duhu da faɗuwar gaba da bindigar da ba ka saba da ita ba, abin da zai fito shi ne dorina mai harsashi a muƙamuƙi ko a cinya. Kafin gari ya waye ta koma kogi, inda masunta ke jefa taru, inda kwalekwale ke ƙetare da mata ran kasuwa. Dabba ce mai nauyin tan ɗaya da rabi, tana iya raba kwalekwale biyu da baki, mutanen nan kuwa maƙwabtanka ne.

Abin da na ga manoman bakin Binuwai suna yi, yana kuwa yi musu aiki, shi ne wannan. Dorina gajerun ƙafafu gare ta, ba ta tsalle, kuma hanya ɗaya takan bi kullum daga ruwa zuwa kiwo, har ta yi mata kwari. A haƙa rami mai zurfi da tsayayyen gefe tsakanin gona da kogi, ko a kafa shinge mai ƙarfi na turaku wanda ya kai ƙugu, wanda yake da hali kuwa ya ja wayar lantarki mai aiki da hasken rana, ƙasa-ƙasa daidai hancinta. A bar mata wani yanki na ciyawa a bakin ruwa kada a nome shi, gama yunwa ce ke kawo ta. Kuɗin .460 guda da harsasanta sun isa su kewaye gonarka har da ta wanda ke kusa da kai. In an yi duk wannan wata ta nace, a rubuta wa ma'aikatan gandun daji su zo da maharbinsu. In Alhaji yana son awon ramin da tazarar turakun, ya aiko ta hannun Edita, sai in auno na wani manomi da ke kusa da mu in aika masa.

Haza wassalam.

Naka,
Akawun Zango